Duna ya tsufa, maƙwabcina ya ce in kai shi daji

Mushe Mai Ritaya (Yantala):
Assalamu alaikum jama'a. Yau ba tsadar shinkafa na kawo ba, ba kuma siyasa ba. Zancen kare ne, wanda ba ya so ya yi haƙuri ya wuce.

Karen gidana sunansa Duna. Ya shigo hannuna a daminar 2012, shekarar da kogin Isa ya cika ya ci gidaje a unguwar Harobanda, nan Yamai. Wani tsohon ɗan lakwal ɗina da ɗakinsu ya faɗi shi ya kawo mini shi cikin kwali, ko yaye bai gama ba, ya ce in riƙe masa kafin su samu inda za su zauna. Wurin zama sun samu, kare bai koma ba. A zamanin ƙarfinsa ɗan ga-ruwa ba ya shigowa da turarsa sai an ɗaure Duna, kuma duk layinmu an san katangar da ɓarawo ba ya haurawa.

Yanzu bakinsa ya yi fari fat da furfura. Ido ya yi shuɗi-shuɗi, kunne ya tafi, sai ka buga ƙafa a ƙasa kafin ya san kana kusa. In zai tashi, ƙafafun gaba yake fara kafawa, ya tsaya kamar mai shawara, sannan na baya su biyo. Haushi kuwa, na manta rabona da jin shi.

Da can kowa na harkarsa, shi yana gadi ni ina lakwal, ba mu san juna sosai ba. Sai yanzu da muka zama marasa aikin yi mu biyu. In na dawo masallaci da asuba ina tarar da shi bakin ƙofa, ba ya tashi, wutsiya kawai yake bugawa a ƙasa. Bayan la'asar in fito da kujera gindin bedi, in ɗora shayi a kan ɗan murhun gawayi, in kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Shi kuma ya lallaɓo ya kwanta inda ruwan randa ke jiƙa ƙasa, ya ɗora haɓa a kan hannuwansa. Sai mu yi awa guda a haka ba wanda ya dami wani. Da dare in an ɗauke wuta muka fito tsakar gida da tabarmi, numfashinsa nake ji daga gefen bango, wani lokaci ƙafafunsa na motsi cikin barci, ko me yake kora oho.

Shekaranjiya maƙwabcina ya tarar da mu haka, ya ce Mushe, karen da ba ya haushi abincinsa asara ne, ka sa a kai shi bayan gari hanyar Tillaberi a sake shi, ka nemo sabo. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, mutumin kirki ne. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Tambayata biyu ce: mene ne haƙƙinsa a kaina yanzu da ba ya iya aikin da aka ajiye shi dominsa, kuma me ake yi wa ƙafafun nan?

Mai Shayin Fada (Wadata):
Wa alaikumus salam Baba. To ai ku biyu duk ritaya kuka yi, bambancin kawai shi ba a biyansa fansho.

Maman Ƴan Biyu (Talladje):
Allah sarki Duna. Mushe kar ka yarda. Kare mai shekara goma sha wani abu a kai shi daji, bai ji bai gani, ai gara a ce an kashe shi. Ƙishirwa ce za ta fara gamawa da shi. Namu da ya mutu bara, yara sun yi kwana biyu ba su ci abincin kirki ba, ni da nake ta faɗan yana tona mini shuka sai ga ni ina share hawaye da bakin zane. Sabo ake yi wa kuka.

Direban Dogon Hanya:
Mushe maganar ƙafa mai sauƙi ce. Sanyin ƙashi ne, irin namu na direbobi. Ka samu parasetamol ko ibuprofen ka tura masa cikin lomar tuwo safe da yamma, kwana uku za ka ga yana gudu.

Likitar Bisashe:
A'a! Don Allah Mushe kada a ba shi ko ƙwaya ɗaya. Ina wurin aiki, zan dawo in yi bayani, amma a dakata da wannan.

Ɗalibin Ilimi:
Baba, da girmamawa nake magana, kuma ba don in ɓata maka rai ba. Hadisi ya inganta cewa wanda ya riƙi kare, in ba na farauta ko na kiwo ko na gona ba, ana rage masa ƙiraɗi, wato wani ma'auni na lada, daga ladansa kowace rana, a wata ruwayar ƙiraɗi biyu. Kuma mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare. Ko an ce gadi uzuri ne, kai da bakinka ka ce ya daina gadi. To uzurin ya faɗi ke nan. Abin da ya rage shi ne zama da kare don shauƙi, irin na Turawa, kuma mu ba mu gaji wannan ba. Ban ce a zalunce shi ba, amma batun shan shayi tare da kare ban ga wurinsa ba.

Mushe Mai Ritaya (Yantala):
Na gode ɗana, ban ji haushi ba, don a faɗa mini gaskiya na tambaya. Gyara ɗaya kawai: shayin ni kaɗai nake sha. Kuma Duna bai taɓa taka ɗaki ba, iyakarsa tsakar gida da zaure, kwanonsa daban yake tun yana ƙarami.

Ɗan Adar (Tawa):
Ni dai abin da nis sani, mu nan Adar ba a yada tsohuwar bisa. Jakin da munka yi shekaru muna ɗaukar ruwa da shi, da ya kasa ba mu kore shi ba, nan bayan gida yac ci gaba da cin ƙaiƙayi hat ta Allah ta kasance. Wanga kare shekara nawa shina kwana waje cikin ɗari don ku yi kwana lahiya? Yanzu da ƙarhi ya ƙare a ce a tahi da shi daji? Haba. Ko ɗan barema ba a yi mai haka.

Malamin Zaure (Bukoki):
Bismillah. Ɗalibin Ilimi, hadisan da ka kawo ingantattu ne, babu mai musu. Sai dai ka haɗa mas'ala biyu wuri guda, a raba su tukuna.

Ta farko, riƙon kare a gida don gadi. Malamai sun yi saɓani. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risalar da muke karantawa a zaure tun muna yara, ya rubuta cewa ba a riƙon kare a gidajen birni. Amma masu sharhi sun kawo cewa shi da kansa, da bangon gidansa ya faɗi yana tsoron a shigo masa, ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta, sai ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. Malamai da dama sun yi ƙiyasin tsaron gida a kan tsaron gona da garke, tunda dalilin ɗaya ne. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ruwa, bin umarni ne na ibada, ba don ƙazanta ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasa ne, kowa da hujjarsa, ba a yi wa juna gori a kai.

Ta biyu, wadda ita ce tambayar Mushe: dabbar da ka riga ka ɗauka, ta yi maka aiki, ta gaza. Nan ba maganar fara riƙo ake yi ba, maganar nauyin da ya riga ya hau wuyanka ake yi. Ciyar da dabbar da ke hannunka wajibi ne. Annabi (SAW) ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Wanda zai ce ai sakinsa za a yi, sai a tambaye shi: kurma, mai yanar ido, mai ciwon ƙafa, me zai iya nema a daji? Wannan saki suna ne kawai. Ga kuma mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa. Sahabbai suka ce ashe muna da lada a kan dabbobi, ya ce a cikin kowace hanta mai danshi akwai lada. Karen nan da aka shayar ba gadin kowa yake yi ba.

Game da zaman gindin bedi kuwa, ban san nassin da ya hana mutum zama a tsakar gidansa don dabba na kwance kusa ba. Wallahu a'alam.

Ɗalibin Ilimi:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Na karɓi batun ciyarwa, ban taɓa musunsa ba. Amma hadisin mala'iku fa? Tsakar gida ai gida ne.

Malamin Zaure (Bukoki):
Nan ma an yi saɓani. Akwai malaman da suka ce ya game kowane kare, akwai waɗanda suka ce bai shafi karen da aka halatta riƙonsa ba, Al-Khaɗɗabi yana cikinsu. Nawawi ya fi karkata ga na farko. Ka ga manya ne ta kowane ɓangare. In kai ka zaɓi tsantseni a gidanka, madalla. Amma tsantsenin da zai kai ga jefar da rai a daji, a sake duba shi.

Ɗalibin Ilimi:
Ni dai har yanzu ina ganin in da wani mai garka ko mai gona a bayan gari da zai karɓe shi ya ciyar da shi, ya fi. An fita daga saɓani, kare bai wulaƙanta ba.

Maman Ƴan Biyu (Talladje):
Wane mai garka ne zai karɓi karen da ba ya haushi, ƙanena? Su ma mai aiki suke nema.

Likitar Bisashe:
To na samu sarari. Ku yi haƙuri da tsawo.

Direba, na san taimako ka yi nufi, amma jikin kare ba ya sarrafa waɗannan magunguna kamar namu. Ibuprofen da diklofenak suna huda masa ciki su kashe ƙoda, parasetamol kuma in ya wuce ƙima yana lalata hanta da jini, ƙimar kuwa ba a gane ta da ido. Tsohon kare ƙodarsa ta riga ta gaji, abin da matashi zai sha ya tsira shi zai iya kai shi. Akwai maganin ciwon gaɓoɓi da aka yi don karnuka, ana auna shi da nauyin jiki, kuma likitan dabbobi ne zai duba shi kafin ya rubuta. A kai shi, ko a kira likita gida in hawa mota zai wahalar da shi.

Lissafin da ake yi na cewa shekarar kare ɗaya bakwai ce ta mutum ba daidai yake ba. Shekarar farko ta kai kamar 15 ta mutum, in ya cika biyu yana wajen 24, daga nan kowace shekara kamar 4 ko 5. Ku lissafa na 2012 da kanku, za ku ga Duna dattijo ne sosai. Manyan karnuka sun fi ƙanana saurin tsufa.

Abin da Mushe ya kwatanta wajen tashi, ciwon gaɓoɓi ne na tsufa, yawanci a ƙugu da gwiwa. Ba ya warkewa amma ana sauƙaƙa shi, kuma rabin aikin ba na magani ba ne. Kada ya riƙa kwana a kan siminti tsirara. Tsohon bargo ko buhu biyu da aka cusa wa tsumma ya isa, musamman a Disamba da Janairu lokacin hunturu, sanyin asuba shi ke ƙara ƙage musu gaɓoɓi. Kada a bar shi ya yi ƙiba. Kada kuma a bar shi kwance yini guda, ɗan zagaye a hankali da sassafe ko bayan magariba yana riƙe masa naman ƙafa. A duba farce, don tsohon kare ba ya yawon da zai goge su, in sun yi tsawo suna karkatar da taku.

Zafi shi na fi tsoro. Afrilu da Mayu a Yamai ana haura digiri 40 kusan kullum. Kare ba ya gumi kamar mu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya tsakanin 38 ne da 39. Kwanciyar da yake yi gindin randa dabara ce, a bar masa wurin, a ƙara yayyafa ruwa da rana. Ruwan sha kuma a kwano biyu, wuri biyu, don kada nisa ya hana shi tashi. In kun ga haki ya ƙi tsayawa, dasashi ya yi ja wur, yana tangaɗi, a jiƙa masa ciki da hammata da ruwan randa, ba na ƙanƙara ba, a nemi likita nan take.

Shuɗin ido sau da yawa taurin ƙwayar ido ne na tsufa, suna gani da shi daidai gwargwado. In ya koma fari kamar madara, wannan yana ce. Ko wanne ne, a daina sauya wa kayan tsakar gida wuri, da hanci da sabo yake bin hanya. A gaya wa yara kada su taɓa shi yana barci ba tare da sun buga ƙasa ba, kurman kare in ya firgita yana iya kai cizo ba da nufi ba.

Abubuwan da in an gani ba a jira: shan ruwa fiye da ƙima da yawan fitsari, rama, ƙin abinci kwana biyu, tari da dare, ƙari a jiki mai girma da sauri.

Direban Dogon Hanya:
Likita ni fa na ba wa na tasharmu kuma bai mutu ba.

Likitar Bisashe:
Allah ya kiyaye shi ne. Kai ma ka sha ganin wanda ya yi gudun wuce sa'a ya isa lafiya, ba ka ce a koya wa yara ba.

Auta (Kwatano):
Baba ashe nan kake kawo ƙarar mutane. Jama'a ni ce ƙaramar ɗiyarsa. Abin da bai faɗa muku ba, Mama da ke cewa ita ba ruwanta da wannan ƙazamin, ita ce take jiƙa masa tuwo da romo tun da haƙoransa suka fara zuba. In na kira waya sai ta gama ba ni labarin abin da Duna ya ci kafin ta tambayi jikokinta. Baba, kowa ya kai Duna daji sai ya haɗa da Mama.

Mushe Mai Ritaya (Yantala):
Auta, wa ya sa ki cikin wannan zaure? Ki gaida maigidan naki da yara. Maganar uwarki kuwa ban ji ba ban gani ba.

Likitar Bisashe:
Auta kin tuna mini. Jiƙa tuwon daidai ne, babban kare haƙora 42 gare shi, kuma a tsufa ciwon dasashi na hana su cin abu mai tauri, sai a ɗauka ƙin abinci suke yi. Amma romon wane iri? In na miyar gida ne mai albasa da tafarnuwa, a daina. Albasa, ɗanya ko dafaffa, tana fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, a hankali take tarawa har ka ga dasashi ya yi fari yana kasala. A ɗebar masa nasa romon kafin a zuba kayan miya, ba yaji ba gishiri mai yawa. Ƙashin kaza dafaffe ma a daina ba shi, yana tsagewa ya soki hanji.

Ɗan Adar (Tawa):
Likita yanzu albasa ma laihi gare ta? Mu da Galmi ag garemu, albasad da ake kai wa har Abijan da Akara? Karnukanmu tun kakanni sauran miya suka ci.

Likitar Bisashe:
Albasar Galmi ba ta da laifi a tukunyarka, Ɗan Adar, ni ma ita nake saye. A cikin kare ne ba ta da wuri. Ɗan abin da ya lasa a sauran miya ba zai kashe ƙaton kare rana ɗaya ba, shi ya sa ba ku lura. Tsoho mai raunin jini shi ake ji wa.

Ɗan Azawak (Abalak):
Gaisuwa ga Mushe. Na karanta duka, kuma maganar da ta tsaya mini ita ce ta cewa zama da kare na Turawa ne, ba mu gada ba. Ɗan uwa, ka zo arewacin Tawa ka gani. Daga Abalak zuwa Cintabaradan har Tasara, babu zangon makiyaya da za ka sauka ba ka tarar da kare kwance gefen tanti ba. Irin namu dogo ne siriri, ana ƙirga haƙarƙarinsa ko ya ƙoshi, baƙo sai ya ce yunwa ce alhali halittarsa ce. Shi ke korar dila da kura daga garke, shi ke kamo zomo, a da har barewa. Abin da mutane suka ci shi yake ci, nono da hatsi. Turawan ma daga wurinmu suka ɗauka: a farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, suna kiransa da sunan kwarin Azawak, a Amurka kuma sai 2019 babbar ƙungiyar masu karnukansu ta shigar da shi cikin jerinta.

Mahaifina yana da wata karya da ta tsufa har ba ta iya bin ƙaura. Ranar tashi, ɗaukarta ake yi a ɗora kan jaki tare da ƴan awakin da aka haifa a daren. Mutumin da ba ya barin sallar dare ne, kuma ban taɓa ganin ya shafa kanta ba. Ba ya wasa da ita, ba ya kuma barin ta a baya. In ya zauna yin shayi da hantsi takan zo ta kwanta nesa kaɗan, daidai inda inuwar tanti ta ƙare, ba ta matsowa ba ta nisa. Da na karanta zaman Mushe gindin bedi, wannan na tuna.

Ɗalibin Ilimi:
Wannan ai karen kiwo ne, nassi ya halatta shi ƙarara. Ban yi magana a kansa ba.

Ɗan Azawak (Abalak):
Lokacin da ake ɗora ta kan jaki ba ta kiwon komai.

Maman Ƴan Biyu (Talladje):
Likita, tambaya mai nauyi. Namu kafin ya mutu ya yi sati yana kuka da dare, ba ya iya tashi ko don fitsari. Wani ya ce akwai allurar da ake yi musu su huta, maigidana ya ce shi ba zai sa hannu a kashe rai ba. Har yau ina tunanin ko mun kyauta.

Likitar Bisashe:
Akwai, kuma ba ta da zafi, barci yake yi ya wuce. Ba ma kawo maganarta sai in ciwo ya fi ƙarfin magani, dabba ba ta ci ba ta sha ba ta tashi. Duna bai kai nan ba ko kusa, karen da ke cin tuwonsa yana zuwa bakin ƙofa taryen mai gida da sauransa. Hukuncin kuma na bar wa Malam.

Malamin Zaure (Bukoki):
Malaman Malikiyya sun ambaci halaccin gaggauta wa dabbar da ba a cin namanta, kamar jaki, in an yanke ƙauna da rayuwarta, don a hutar da ita. Halas ne, ba dole ba. Wanda ya yi don tausayi bai yi laifi ba, wanda ya kasa ya ci gaba da jinya yana ba ta ruwa da inuwa shi ma bai yi laifi ba. Hajiya ki kwantar da hankalinki.

Mushe Mai Ritaya (Yantala):
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na sa jikana ya ɗinke buhu biyu, an shimfiɗa masa a zaure, ya shinshina ya koma gindin randarsa, sai mu ga abin da sanyi zai sa shi. Likita zai zo ranar Asabar. Maƙwabcina kuma na faɗa masa Duna yana nan. Ya yi dariya ya ce ai ya san haka zan ce, amma ya kawo wata magana da ban iya ture ta ba: makon jiya an shiga gida na uku daga namu an ɗauke moto. Gidan yana buƙatar mai haushi, wannan gaskiya ne. Abin da nake tsoro, in na kawo kwikwiyo kada ya hana tsohon sakat.

Likitar Bisashe:
Zai dame shi, wannan babu makawa, kwikwiyo bai san gajiya ba. Amma ana yi. Kwano daban, wurin kwana daban, kuma gindin randa a bar wa Duna, in ya so a kange da ɗan ƙyauren kara. A fara ba tsohon abinci kafin yaron. Wasu tsofaffin ma sukan ɗan farfaɗo in sun samu abokin zama.

Mai Shayin Fada (Wadata):
Baba an gama. Karyar da ke kwana ƙarƙashin teburina ta haifi biyar, duk sun buɗe ido. Akwai wani ja mai faɗan tsiya, tun yanzu yana yi wa masu kabu-kabu gurnani. Kyauta, sai dai ka sha shayi ka biya.

Likitar Bisashe:
Kada a raba shi da uwar kafin wata biyu. In ya cika wata uku a yi masa allurar haukan kare, wannan ba wasa ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne, yara da yawa suna cikin waɗanda take kashewa. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 ya tafi asibiti ranar, kada a tsaya jiran a ga ko karen zai haukace. Mushe, a duba katin Duna ma ranar Asabar, tsufa ba ya ɗauke masa allura. Kai kuma Mai Shayi, uwar da ke kwana ƙarƙashin teburinka inda mutane ke miƙe ƙafa, an taɓa yi mata?

Mai Shayin Fada (Wadata):
Likita ai ba tawa ba ce, zuwa ta yi.

Likitar Bisashe:
Wa ke ba ta abinci?

Mai Shayin Fada (Wadata):
Ni.

Likitar Bisashe:
To taka ce. Ka tara kuɗin a wurin ƴan fada, a kawo ta da ƴaƴan duka.